Yadda Ake Tambayar Masana Kwamfuta Idan Manhaja Ta Ƙi Aiki, Har Su Amsa

Duk lokacin da zangon karatu ya doshi ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, saƙonni iri ɗaya ne ke cika mini waya, kuma yawancinsu ƙorafi ne. Wannan ya ce ya tambayi wani da ya iya kwamfuta, mutumin ya karanta ya yi gum. Wancan ya ce kalma biyu aka jefo masa, "ka bincika". Wata ta ce a gaban mutane aka yi mata dariya don ba ta san wace Windows ce a laftof ɗinta ba. Su ma masu shagunan buga takardu da 'yan POS kukansu ke nan. Tambayar dai ɗaya ce: me ya sa masu ilimin kwamfuta suke wulaƙanta ɗan koyo, kuma ta yaya ake tambayarsu a samu amsa?

Masu girman kan akwai su, ba zan wanke su ba. Amma idan na ce a turo mini ainihin saƙon da aka aika wa mutumin, sau da yawa abin da nake gani shi ne "Malam, kwamfutata ta ƙi yi, a taimaka". Ko ni aka aiko wa wannan ban san ta ina zan kama ba. Masani yana amsa tambayar da zai iya warwarewa daga inda yake zaune, wadda kuwa sai ya yi tambaya goma kafin ya gane ta, yakan ajiye ta sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: filashi mai aƙalla gigabait 8, waya mai kyamara, 'yar data, da takarda da biro. Kada ka raina takardar, za ka ga amfaninta.

1. Ɗauke hannu, ka kwashe kayanka tukuna

Kafin ka tambayi kowa, kafin ka gwada komai, kwafe abin da ba za ka iya jure asararsa ba. Furojet, hotuna, lissafin shago, takardun makaranta. Zuba su a filashi, ko ka tura wa kanka ta imel, ko ka ɗora a Google Drive, wanda ke ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta.

Ɗaliban da ke gina manhajar furojet da XAMPP, wato manhajar da ake gwada shafin intanet da ita a kan kwamfutar mutum, su lura da kyau. Aikinku gida biyu yake: rubutun manhajar yana cikin foldar htdocs, bayanan kuma suna cikin MySQL. Kwafe htdocs kawai bai wadatar ba, sai ka shiga phpMyAdmin ka fitar da bayanan a fayil daban. Da yawa suna cire XAMPP su sake ɗora shi don ya ƙi tashi, sai daga baya su gane teburorin da suka yi wata guda suna cikawa sun tafi.

Gargaɗi: idan kana jin rumbun ajiyar kwamfutar yana ƙas-ƙas ko yana wani kuka da ba ka saba ji ba, kashe ta. Kowace kunnawa tana iya ƙara lalata abin da ya rage. Wannan ba matsalar manhaja ba ce, tsallake kai tsaye zuwa mataki na 10.

2. Kama saƙon kuskuren yadda ya fito

Nan ne rabin aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Kwamfuta ba ta cika ƙin aiki a shiru ba, takan faɗi abin da ke damunta, sai dai da Turanci ne, mutane kuma sun saba danna OK kafin su karanta. Wannan rubutun da ka kore shi ne abu na farko da masani zai nema.

A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows da Shift da S tare, ka ja layi a kan wurin da kake so, hoton allo ya samu. A Windows 7 danna PrtScn, ka buɗe Paint ka liƙa. A yawancin wayoyin Android, riƙe maɓallin kunnawa da na rage sauti tare. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ya sani ba: idan ƙaramin akwatin saƙo ya fito a Windows, danna Ctrl da C, sau da yawa zai kwafe rubutun gaba ɗaya, sai ka liƙa a Notepad. Rubutu ya fi hoto, domin wanda ka tura wa zai iya kwafa ya bincika, ba sai ya zauna yana sake buga harufa ɗaya-ɗaya ba.

Idan kwamfutar ta daskare ko allo ya koma shuɗi, ɗauki hoto da waya. Tsaya daidai gaban allon, goge kyamarar, kauce wa hasken taga, ka tabbata layin da aka rubuta Stop code ya fito ana iya karanta shi. Lokacin hunturu allon kansa ma sai an share masa ƙura. Idan ta WhatsApp za ka tura, kuma rubutun ƙanana ne, tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura shi a matsayin hoto manhajar takan matse shi har harufan su dushe.

Masu koyon Python, jan rubutun nan mai tsawo da ke fitowa kada ya firgita ku. Ku fara karantawa daga layin ƙarshe, shi ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layin da abin ya faru. Idan layin ƙarshe ya ce ModuleNotFoundError, akwai abin da ba ka ɗora ba. Amma wajen turawa, tura duka, daga farko har ƙarshe. Kada ka yanke wanda kake ganin ba shi da amfani, da ka san mai amfanin ai da ba ka tambaya ba.

Kuma kada ka fassara saƙon da kanka. "Ta ce wai akwai matsalar sabis" ba ya nufin komai, saƙonni ashirin daban-daban za su iya zama hakan.

Gargaɗi: kafin ka tura hoto, dube shi sosai. Lambar asusun banki, BVN, NIN, kalmar sirri, sunayen abokan ciniki, hirar iyali da ke buɗe a gefe, duk a rufe su ko a yanke. Abin da ya bar wayarka ya fita daga hannunka.

3. Rubuta bayanin na'urar

Danna Windows da R, rubuta winver, za ka ga wace Windows ce da sigarta. Sake yin haka ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan kwamfutar, yawan RAM, da ko 32-bit ce ko 64-bit. A waya shiga Settings, ka nemi About phone. Ita ma manhajar da ke ba ka wahala tana da lambar siga, yawanci a ƙarƙashin Help ko About. Mai Python ya rubuta python --version, mai Ubuntu ya rubuta lsb_release -a.

Ba don burga ake neman wannan ba. Laftof da yawa da ke hannun ɗalibai a garin nan tsofaffi ne 'yan gwanjo, wasu har yanzu Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Chrome ya tsaya mata a siga ta 109, Python kuma daga 3.9 zuwa sama ba ya hawa kanta. Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. To idan ka ce "Python ya ƙi hawa" ba ka ambaci Windows 7 ba, mutum zai yi awa guda yana neman ciwo a inda babu shi. Da ka faɗa, layi ɗaya zai rubuto maka: sauke 3.8.

4. Tuna abin da ya faru kafin ta lalace

Yaushe ne ƙarshen lokacin da abin ya yi aiki lafiya, kuma me ya shiga tsakani? An ɗauke wuta tana tsakar sabuntawa? Ka ɗora sabuwar manhaja? Ka soka filashi a shagon buga takardu ka dawo da shi? Ƙaninka ya karɓa ya saka wasa? Ta faɗi daga kan babur? Rubuta a takardar nan.

A nan kunya ke cutar mutane. Wanda ya goge wata folda da bai san ta mece ce ba sai ya ce "haka kawai na kunna na gani". Wanda ya ɗora fasasshiyar manhaja, wato ta kuɗi da aka ɓalle wa kulle don a yi amfani da ita kyauta, daga wani shafi, ya kashe maganin bairos don ta hau, ba zai faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Masanin zai gano daga baya, kuma abin da zai ɓata masa rai shi ne lokacin da ka sa ya ɓata, ba kuskuren ba. Kuskuren ya gan shi a wurin mutane da yawa kafin kai.

Tunda an zo maganar fasassun manhajoji: wasu masanan da zarar sun ji haka suke janye hannu, kuma suna da hujja, domin ba a san me aka cusa a ciki ba. Idan Word da Excel ne kawai buƙatarka, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolinsu.

5. Gwada ƙananan abubuwa da kanka

Huɗu ne, kuma ba su kai minti ashirin ba.

Sake kunna kwamfutar, amma ta Restart. A Windows 10 da 11, Shut down ba ya kashe komai gaba ɗaya, akwai tsarin saurin tashi da ke adana wani ɓangare ya dawo da shi, har da matsalar wani lokaci. Restart ne ke farawa daga tushe.

Duba kwanan wata da agogo a kusurwar allo. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batir kamar kwabo a ciki, CR2032, shi ke riƙe agogo. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, daga nan burauza ta fara ƙin buɗe shafuka tana cewa Your connection is not private. Na ga waɗanda aka yi wa fomat, wato aka goge kwamfutar aka sake ɗora Windows, saboda wannan, alhali gyara agogo ne da sauya batirin da bai kai kuɗin fomat ɗin ba.

Duba ko wurin ajiya ya cika. Waya ko kwamfutar da ta cika maƙil takan yi abubuwan mamaki.

Sannan ɗauki saƙon kuskuren, ka sa shi tsakanin alamun zance, ka haɗa da sunan manhajar, ka nema a Google. Cire abin da ya shafe ka kai kaɗai, kamar sunanka da ke cikin adireshin folda. Kusan duk kuskuren da ɗan koyo zai ci karo da shi, wani ya riga shi. Misali, saƙon nan na 'python' is not recognized as an internal or external command, yawanci mantuwa ce aka yi ba a yi alama a akwatin PATH ba lokacin ɗorawa.

Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta sakamakon. Idan ka canza abu biyar tare, ko ta gyaru ba ka san wanne ya gyara ba, idan ta ƙara lalacewa kuma ba ka san wanne za ka mayar ba.

Gargaɗi: kada ka kwafi umarnin da ba ka gane ba ka liƙa, ko daga bidiyo ne ko daga manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira masu ba da amsa da cikakken ƙarfin gwiwa ko sun yi kuskure. Duk inda ka ga format, ko diskpart tare da clean, ko rm -rf, tsaya. Waɗannan gogewa suke yi, kuma ba sa ajiye komai a kwandon shara. Haka nan mayar da waya yadda ta fito daga kamfani: bayan ta goge komai, za ta nemi asusun Google da ke kanta a da. Idan a shago aka buɗe maka asusun ba ka san kalmar sirrinsa ba, ka kulle kanka a waje.

6. Faɗi inda za ka, ba hanyar da ka zaɓa kawai ba

Wannan matakin ɗan koyo ba ya ganin muhimmancinsa, masana kuwa shi ya fi ci musu rai. Mutum yana da matsala, ya yanke wa kansa magani, maganin ya gagare shi, sai ya zo yana tambaya a kan maganin, matsalar ta asali kuma ya bar ta a gida.

Ga mai shago yana tambayar yadda ake cire Excel a sake ɗorawa. Idan aka bi shi a hankali, sai a tarar lambobin wayar abokan cinikinsa yake shigarwa, sifirin farko yana ɓacewa, 0803 ta koma 803. Excel lafiyarta ƙalau, ta ɗauki lambar a matsayin adadi ne, adadi kuma ba ya farawa da sifiri. A mayar da layin zuwa Text kafin a fara bugawa, magana ta ƙare.

Ga kuma ɗaliba a sashen Hausa tana neman wanda zai yi mata fomat saboda ƙ da ɗ da ɓ suna komawa akwatuna a cikin furojet ɗinta. Idan akwatuna ne, nau'in rubutun da ta zaɓa ne ba shi da harufan, ta sauya zuwa Times New Roman ko Arial ta gani. Idan kuwa alamar tambaya suke komawa, wajen adanawa ne aka yi kuskure, ba a zaɓi UTF-8 ba, kuma abin da aka riga aka adana a haka ba ya dawowa sai an sake bugawa. Ciwo biyu ne daban, fomat ba ya maganin ko ɗaya.

Saboda haka jimlar farko ta tambayarka ta zama abin da kake son cimmawa. Shawarar da ka yanke ta biyo baya.

7. Zaɓi wanda ya dace

Mai gyaran waya da ke canza allo da bakin caji ba lallai ya san harshen rubuta manhaja irin PHP ba, mai rubuta manhaja kuma ba lallai ya iya kwance laftof ba. Mu a nan duk wanda aka gani da kwamfuta ya zama Injiniya, a kawo masa firinta, a kawo masa rediyo. Tambayi wanda ke aiki da irin manhajar da ta dame ka, ko da ɗan ajinku ne da ya riga ka da wata uku. Sau da yawa shi ya fi babban masani amfani, don bai manta yadda abin ke rikita mutum ba.

Idan matsalar ta shafin rajistar makaranta ce, ko JAMB, ko manhajar banki, babu wani gwani a gari da zai gyara maka. Ofishin da ke da shafin ne kaɗai ke da mabuɗin. Wanda ya ce ka kawo kuɗi zai shiga ya gyara daga ciki, ka yi nesa da shi.

Kada ka tura wa mutum shida tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya ba ka tasa shawarar ka haɗa su duka a kan kwamfuta ɗaya.

8. Rubuta saƙon

Gaisuwa wajibi ce, ba wanda ya ce a bar ta. Kuskuren shi ne a aika "Assalamu alaikum" a zauna jira, a amsa bayan awa biyu, a aika "ya aiki", a sake jira, sannan "don Allah ina da tambaya". Yini ya tafi ba a zo kan magana ba. Haɗa gaisuwar da tambayar a saƙo ɗaya, mutum ya buɗe ya ga komai a gabansa. Kwatanta waɗannan biyun.

Na farko: "Salam Oga. XAMPP ɗina ya ƙi yi. Gaggawa ne don Allah, gobe zan kai wa malam."

Na biyu: "Assalamu alaikum Malam, barka da yamma, ya iyali? Don Allah idan ka samu sarari ina neman shawara. Ina son buɗe furojet ɗina a XAMPP, Apache yana tashi amma MySQL ya ƙi. Yana rubuta MySQL shutdown unexpectedly, ga hoton da cikakken rubutun a ƙasa. Windows 10 ce, 64-bit, RAM gigabait 4. Jiya da dare lafiya lau yake, sai aka ɗauke wuta batir ya mutu ina tsakar aiki. Na yi Restart, na duba wurin ajiya akwai sarari, bai canza ba. Na kwafe htdocs da foldar bayanan a filashi, ban sake ɗora komai ba. Me kake ganin ya kamata in fara dubawa? Na gode, Allah ya saka da alheri."

Mai karanta na biyu tun kafin ya kai ƙarshe ya fara zargin ɗaukewar wutar ce ta ɓata fayilolin bayanan, ya kuma san ba za a yi asara ba tunda an kwafe. Ya ga mai tambayar ya motsa da kansa. Irin wannan ko a layin cirar kuɗi yake zai amsa.

Maganar gaggawa kuma, gaggawarka ce, ba tasa ba. Idan akwai wa'adi faɗe shi sau ɗaya cikin ladabi. Kira a jere da turo alamar tambaya bayan kowane minti biyar ba sa sa a yi sauri.

Saƙon murya yana da daɗi a wurin mai aikawa, amma ba a iya kwafar kuskure daga cikinsa, ba a kuma iya sauraronsa a ofis ko a aji. Idan rubutu na ba ka wahala, yi gajeren saƙon murya ka haɗa da hoto. Bidiyo sai idan abin motsi ne, kamar allon da ke ƙyaftawa. Hoton allo bai cika kai megabait ɗaya ba, bidiyon minti biyu kuwa zai ci datarka ya ci tasa.

Masu rubuta manhaja: kada ka tura folda guda ka ce a duba. Ware ɗan guntun da ke kawo kuskuren. Kuma "ka duba mini inda na kuskure" daban, "ka rubuta mini" daban. Na biyun aiki ne, ana biyansa, idan kuma na makaranta ne da yawa ba za su yi ba ko da kuɗi.

9. Idan amsa ta zo, ko ta ƙi zuwa

Idan ya amsa da tambaya, alama ce mai kyau. Amsa abin da ya tambaya daidai. Ya ce wace siga, ba shi lamba, kada ka ce "sabuwa ce". Ya ba ka matakai uku, yi ukun a jere, ka faɗa masa abin da kowanne ya haifar. "Har yanzu bai yi ba" ba rahoto ba ne. Saƙon kuskuren ya canza ko yana nan yadda yake? Canjin saƙo ci gaba ne, turo sabon.

Idan amsar gajera ce, kada ka ɗauke ta a matsayin raini. Masu wannan sana'a sun saba da gajeren rubutu, mutum zai turo maka kalma uku ba sannu ba madalla, a ransa kuma ya taimake ka. Idan ya ce ka nemi abu kaza, ya ba ka sunan ciwon ne, wanda da ba ka da shi. Je ka nema, ka dawo da abin da ka samu. Idan ya yi amfani da kalmar da ba ka sani ba, ka ce ba ka gane ba. Amsa "to" a kan abin da ba ka fahimta ba shi ke kai mutum ga goge abin da ba a ce ya goge ba.

Idan kuwa wulaƙanci ne na gaske, ba'a da "ashe ko wannan ba ka sani ba", duba ko akwai abin amfani a cikin maganar ka tsince shi, ka yi godiya, ka nemi wani. Kada ka tsaya cacar baki. Ni a ganina wanda ya mayar da ɗan koyo abin dariya, musamman mata da dattawan da suka zo wa kwamfuta da girma, ya rage wa kansa daraja, kuma yawanci ba shi ne ya fi kowa sani ba. Garin nan bai rasa masu haƙuri ba.

Idan shiru ne, ba shi yini guda, sannan ka tuna masa sau ɗaya, tare da ƙarin abin da ka gwada a tsakani.

Gargaɗi: wani zai ce ka ɗora AnyDesk ko TeamViewer ya shiga kwamfutarka daga nesa. Kayan aiki ne na gaske, amma duk abin da ke allonka zai gani, zai kuma iya taɓawa. Sai wanda ka sani ido da ido, kana zaune kana kallo, ka rufe manhajar da zarar an gama. Babu kuma gyaran da ke buƙatar lambar OTP ta banki, ko PIN na kati, ko lambobi 6 da WhatsApp ke turowa. Wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ba gyara ya zo yi ba.

10. Idan sai an kai shago

Shawara ta waya kyauta ce a al'ada, amma da zarar mutum ya zauna ya karɓi na'urarka, aiki ya fara. Yi ciniki kafin a taɓa: nawa ne dubawa, nawa ne gyara, kuɗin kaya daban ne ko a ciki, idan bai gyaru ba me za ka biya. Farashi yana bin kasuwa, don haka tambayi shago biyu. Lissafa da kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, da yinin da za ka rasa. Idan an ce sai an aika Kano an sayo wani abu a Farm Centre, nemi sunan abin da lambarsa a rubuce, ka kuma ce a ba ka tsohon da aka cire.

Ɗauki hoton lambar na'urar da ke manne a ƙasanta da shafin msinfo32 kafin ka miƙa. Ba zargi ba ne, yana hana gardama.

Kalmar da za ka fi ji ita ce "sai an yi fomat". Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma ita ce hanya mafi sauri ga mai shagon. Tambaye shi me ya gano, kuma me zai faru da fayilolinka da manhajojin da ke kai. Fomat yana cin data ma, Windows 11 kaɗai ta haura gigabait 5, ban da sauran abubuwan da za ka sake saukewa. Idan kwamfutar tana da kullen BitLocker, tsarin Windows da ke kulle rumbun ajiya, nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft kafin a fara, in ba haka ba mai gyaran ma ba zai iya ciro maka komai ba. Idan ka ba da kalmar sirri, canza ta ranar da ka karɓo.

11. Koma ka faɗa masa yadda aka ƙare

Mutane da yawa da zarar abu ya gyaru sai su ɓace, sai wata matsalar ta taso. Masu taimako suna lura da wannan. Layi biyu sun isa: "Malam, ya yi. Agogon ne, na gyara kwanan wata na sauya batirin. Allah ya ƙara basira." Idan ba shawararsa ce ta yi aiki ba, faɗa masa wadda ta yi, zai yi amfani da ita a kan na gaba. Idan ya ɓata lokaci sosai a kanka, ɗan katin waya ko data ba zai yi yawa ba, ko da ya ce a bar shi.

Daga nan buɗe fayil ɗaya a waya ko a imel, ka rubuta kwanan wata, saƙon kuskuren yadda ya fito, da matakan da suka gyara shi a jere. Kada ka ajiye fayil ɗin a kan kwamfutar da ta lalace ɗin kaɗai.